Sigarin lantarki mai gora a ciki: naɗin kwayil, lagwani da batirin da ya dace

"Assalamu alaikum, Injiniya. Daga Daura nake rubuto maka. Na daɗe ina shan taba sigari, kuma ina neman hanyar rabuwa da ita. Yayana ya zo mini da sigarin lantarki daga Dubai, irin wanda ke da 'yar gorar roba a ciki, ana matsa ta ruwa ya hau sama. Kan na'urar ana buɗe shi, akwai naɗaɗɗiyar waya da auduga. Da farko in na matsa gorar ruwan ba ya hawa ko kaɗan, har sai da wani abokina ya canza wani ƙarfe a gindin kan. Yanzu kuma yoyo take yi, wani lokaci kuma in ji ƙauri a maƙogwaro. Bayan haka ledar batirin ta yage, wani mai gyaran waya ya ce zai ciro mini irinsa daga tsohon batirin laftof. Yaya zan naɗa wayar da kaina, kuma wannan batirin zai yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya cika maka wannan niyya ta barin taba. Tambayarka ta haɗa naɗin waya, yoyo, ƙauri da maganar batir, kuma abin da ka ajiye a ƙarshe shi ne ya fi tayar mini da hankali, don haka zan ba ka amsarsa tun yanzu kafin bayani ya yi nisa: kada ka sa batirin laftof a cikin wannan na'ura, kuma wanda ledarsa ta yage ma ka cire shi ka ajiye har sai an sake masa riga. Sana'ata gyaran kayan lantarki ce a cikin garin Katsina, daga inbata zuwa caja da fitilun sola, kuma irin waɗannan na'urori sun fara zuwa teburina tun da matafiya suka soma shigowa da su. Abin da na lura da shi shi ne, masu su kan damu da yawan tururi da daɗin ƙamshi, alhali haɗarin da ke kusa da su yana cikin ɗan batirin da ba su ko kallonsa.

Yadda na'urar take aiki

Sigarin lantarki na zamani ya samo asali ne daga wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, wanda ya yi rajistar ƙirarsa a 2003. Tun daga lokacin siffofi sun yi ta canzawa, amma tushen aikin ɗaya ne: batir yana tura wuta cikin naɗaɗɗiyar waya, wato kwayil, wayar ta yi zafi, ta mayar da ruwan da auduga ta tsotso ya zama tururi. Irin kan da ke hannunka shi ne wanda masu sayarwa ke rubuta wa RDA. Ba shi da tanki, sai ɗan rami a ƙarƙashin kwayil inda ruwa kaɗan ke taruwa, kuma mai shi ne ke naɗa waya ya sa auduga da hannunsa. Asali akan buɗe murfi ne a ɗiga ruwa daga sama bayan 'yan zuƙa kaɗan, abin da ke da gajiyarwa. Shi ya sa aka ƙera jikin na'ura mai gora a ciki, wadda yawanci ke ɗaukar mililita 7 ko 8, da siririn tiyo da ke kai ruwa daga gorar zuwa gindin kan.

Wurin da kai yake ɗaurewa a jiki ana kiransa mahaɗin 510, kuma a tsakiyarsa akwai wani fil na ƙarfe wanda wuta ke bi ta cikinsa. Yawancin kawunan nan suna zuwa da fil biyu a cikin kwali, ɗaya toshe, ɗaya mai rami a tsakiya. Abin da ya same ka da farko shi ne toshen ne a ɗaure, don haka duk matsar da ka yi ruwa bai da hanyar wucewa, kuma abokinka daidai ya yi da ya canza shi. Sai dai ina so ka sake duba aikin nasa. Fil ɗin yana zaune ne cikin wani farin ko ruwan ƙasan zobe mai hana wuta tsallakawa zuwa jikin kan. In an ɗaure da ƙarfi fiye da kima zoben na iya tsagewa, wuta ta haɗu. In kuma an bar shi sako-sako, ruwa zai riƙa tsiyaya ta gefen fil ya sauka kan mahaɗin, kuma a kawuna da yawa wannan fil ɗin ne ke riƙe sandar da ƙafar kwayil ke shiga, sai ta riƙa girgiɗi. Ka ɗaure shi har ya tsaya, ka ƙara ɗan murɗi kaɗan, ka bar shi haka.

Waya da naɗinta

Waya iri uku aka fi amfani da su. Akwai Kanthal A1, gaurayen baƙin ƙarfe da kuromiyam da alminiyam, wadda ita ce mafi sauƙin sarrafawa kuma ita nake ba mai koyo shawara ya fara da ita. Akwai Ni80, wadda ta fi saurin ɗaukar zafi, amma mai ƙyamar nikel a jikinsa ya guje ta. Akwai kuma SS316L, ƙarfen da ba ya tsatsa. Wayar nikel zalla da ta titaniyam ka bar su, domin ba a amfani da su sai a na'urar da aka saita ta kan kula da ma'aunin zafi.

A nan dole in tsaya kan wata ɗabi'a tamu ta neman madadi a kusa. Wayar jan ƙarfe da masu naɗin kwayil ɗin fanka ke aiki da ita ba ta da turjiya sai 'yar kaɗan, don haka sa ta daidai yake da haɗa kan batir da gindinsa kai tsaye, ga kuma fentin da ke jikinta wanda zai ƙone a shaƙa. Wayar ɗaure rodi da ta shinge akwai mai rufin zinki, hayaƙinsa na cutar da huhu. Wayar cikin hita ko dutsen guga kuwa babu mai iya tabbatar maka da abin da aka gauraya ta da shi. Abin da zai yi zafi a gaban bakinka ba wurin gwaji ba ne.

Turjiya, wato yadda waya ke hana wuta gudu, ana auna ta da om, kuma ta dogara ne da kaurin waya da tsawonta. Kanthal mai lamba 26 kaurinta kusan milimita 0.4 ne, kuma kowace mita ɗaya tana da kusan om 11. In ka naɗa ta sau 7 a kan sanda mai kaurin milimita 3, ka haɗa da ƙafafunta biyu, za ka samu abin da ya kusa om 1. Mai lamba 24 ta fi kauri, kusan om 7 a mita, kuma naɗi 6 a kan wannan sandar zai ba ka wajen om 0.5. Ka lura cewa ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. In kan naka na kwayil biyu ne, to dole su zama iri ɗaya sak, kuma turjiyarsu a haɗe rabin ta guda ɗaya ce. Biyu masu om 0.5 za su ba da 0.25, wanda ke nufin ninkin wutar da za a ja. Don haka in kan ya yarda da kwayil ɗaya, ka fara da ɗaya tsakanin om 0.5 da 1.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin sukurdireba ko bakin dirila mai milimita 3 don naɗi, 'yar filaya mai yankan waya, almakashi mai kaifi, da hantsaki, wanda ya fi kyau a samu mai bakin tangaran. Ka danne wayar da babban yatsa a jikin sandar, ka naɗa da ja sosai yadda kowane zagaye zai kwanta kusa da ɗan'uwansa ba tare da ya hau shi ba. Ka bar sandar a ciki yayin da kake zura ƙafafun a ramukansu ka ɗaure sukurori, domin ita ce ke hana naɗin lanƙwashewa. Sai ka daidaita kwayil ɗin ya fuskanci ramin da iska ke shigowa, kada ya taɓa ƙasa, kada ya taɓa sandunan da ƙafafunsa ke shiga, sannan ka yanke rarar ƙafafun ƙasa-ƙasa. Guntun waya da ya yi saura ya taɓa murfi shi ne abin da na fi samu a na'urorin da aka kawo mini ana cewa sun daina aiki.

Kafin ka danna maɓalli ko sau ɗaya, ka auna. Na'urar da ke da allo tana nuna turjiyar da kanta. In da mitar masu gyara za ka auna, ka fara haɗa bakunan wayoyinta biyu ka ga abin da ta nuna, domin wayoyin mita masu araha kansu na iya kai om 0.2 ko fiye, sai ka cire wannan daga abin da kwayil ya nuna. Ka auna ba murfi, ka sake aunawa da murfi a rufe. In lambar ta faɗi, wani abu na taɓa murfin. Bayan haka ka sa ƙarfin wuta ƙasa, kamar wat 15 zuwa 20, ka riƙa dannawa kana saki har wayar ta fara ja. Ja mai kyau daga tsakiya yake farawa ya bazu zuwa gefe. In ka ga wani zagaye ko wata ƙafa ta riga sauran yin ja, ka saki maɓalli, ka ɗan matse naɗin da hantsaki ko ka goga bakin sukurdireba a kansa, ka sake gwadawa. Hantsakin ƙarfe ba ya taɓa kwayil sai an saki maɓalli.

Maganar batir

Batirin da ke cikin na'urarka mai yiwuwa 18650 ne, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65, ko kuma babban ɗan'uwansa 21700. Gaskiyar mai gyaran wayar ita ce, a tsofaffin batiran laftof akwai masu girman 18650, kuma za su shiga gurbin daidai. Amma girma ɗaya ba ya nufin aiki ɗaya. Na laftof an yi su ne don su ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon sa'o'i, abin da suke iya jurewa 'yan amfiyoyi ne kawai, ga shi kuma sun tsufa, kuma wajen ɓamɓaro su daga faifan da aka like su akan ji musu ciwo. Kwayil kuwa a cikin daƙiƙa ɗaya yake neman wuta mai yawa.

Lissafin ba shi da wuya. Cikakken batir yana da bolt 4.2. A na'urar da ba ta da allo ko kwakwalwa, wadda maɓallinta ke haɗa batir da kwayil kai tsaye, wutar da za a ja ita ce bolt a raba da om. Kwayil mai om 0.5 zai ja amfiya 8.4, mai om 0.25 zai ja kusan 17, mai om 0.15 kuwa 28. Sanannen batirin Samsung 25R iyakar abin da yake bayarwa a jere amfiya 20 ne, Samsung 30Q kuma 15, ko da yake ya fi shi daɗewa da caji. Kowane batir yana da wannan iyaka, kuma mai hankali yakan tsaya nesa da ita, bai kai bakinta ba. In aka wuce ta, batirin zai yi zafi daga ciki, ya fesa iska mai ƙuna, wani lokaci har ya kama da wuta, kuma yana hannunka ne kusa da fuska. Irin wannan na'ura mara allo ba ta da abin da zai yanke wuta in waya ta haɗu, shi ya sa ba na ganin ta dace da wanda bai ƙware ba.

In taka mai allo ce, lissafin ya ɗan bambanta, domin wat ɗin da ka saita ne ke yanke abin da za a ja, kuma jan ya fi yawa lokacin da cajin batir ya yi ƙasa. Ka raba wat da 3.2, wato bolt ɗin batir a irin wannan lokacin, ka ƙara kusan kashi ɗaya cikin goma saboda asarar da ke cikin na'ura. Wat 50 zai ba ka wajen amfiya 17, wanda 25R zai ɗauka amma ya wuce ƙarfin 30Q. Da kwayil ɗaya mai om 0.5 zuwa 1 ba ka ma buƙatar kai nan. Tsakanin wat 15 da 35 ya isa.

Game da ledar da ta yage, abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne duk gangar jikin batirin gindi ne, har zuwa bakin da ke zagaye da kansa, kuma abin da ya raba su da kan ɗan siririn zobe ne da wannan ledar. In ta yage, musamman ta sama, kowane ƙarfe na iya haɗa su. Sake riga abu ne mai sauƙi: akwai ledar da aka yanka daidai girmansa, a zura, a mayar da zoben kan, a hura mata zafi ta kama. Salatif ba ya maye gurbinta. In kuwa jikin batirin ya lotsa ko ya yi tsatsa, ya gama aiki. Kada ka taɓa jefa batir tsirara a aljihun kaftani tare da makullin mashin. A 'yar akwatin roba ake ɗaukarsa. Wajen saye kuma, duk 18650 da ka ga an rubuta masa 6000mAh ko 9900mAh ƙarya ce, domin cajin da na gaskiya ke ɗauka bai ko kusanci haka ba, kuma irin waɗannan na cikin tocila ne suka cika kasuwa.

Zafin ƙasarmu yana ƙara nauyin wannan magana. A watan Afrilu da Mayu zafin Katsina da Daura kan haura digiri 40 a inuwa, kuma masu ƙera batiran lithiyam galibi suna iyakance caji ne a digiri 45. Don haka kada ka bar na'urar a cikin rufaffiyar mota ko a akwatin mashin a rana, ka yi caji a wuri mai sanyi kana kusa, ba a kan katifa ba, kuma kada ka bar shi a soket ka kwanta da sunan jiran a kawo wuta. In ka ji batir ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, ka fitar da na'urar tsakar gida ka ajiye a kan ƙasa, nesa da yara da duk abin da ke kamawa.

Ƙauri da yoyo

Audugar tana aiki ne kamar lagwanin fitilar kananzir: in ya matse a bututunsa mai ba ya hawa sai ya ƙone, in ya yi sako-sako kuma wuta ba ta zauna. Ka yanki audugar da kaurinta zai shiga kwayil da ɗan ja, yadda in ka ja ta gefe ɗaya za ka ji tana riƙewa amma ba ta jan naɗin ya karkace. Ka yanke bakunan biyu daidai tsawon da za su sauka su taɓa ƙasan ramin, ka ɗan barbaza su, ka kwantar da su ba tare da dannawa ba. Abin da ya keɓanta da irin kanka shi ne ramin fil yana tsakiyar wannan wurin, saboda haka kada auduga ta toshe shi. Karon farko daga sama za ka jiƙa ta sosai, ka jira ta sha, kafin ka zuƙa. Audugar da ta taɓa ƙonewa ba ta dawowa, sai canji.

Ƙasarmu ƙasar auduga ce, daga Funtuwa zuwa Malumfashi, amma wadda aka tsinko daga gona tana ɗauke da maganin feshi da maiƙon da ke hana ta tsotsar ruwa. Ta kemis kuma an wanke ta da sinadarin faranta ta. Ka nemi wadda aka tanada don wannan aiki.

Yoyon naka kusan tabbas daga matsa gora fiye da kima ne. Ka riƙe na'urar a tsaye, ka matsa a hankali na daƙiƙa biyu ko uku, ka saki. Da ka saki, gorar za ta zuƙe rarar ruwan ta mayar ciki. Har ka saba, ka cire murfi ka riƙa kallon yadda ruwan ke tasowa, ka tsaya tun bai kai ramukan iska ba. Yanayi ma yana da hannu: a bazara ruwan kan tsinke ya yi saurin hawa, matsa kaɗan ta ishe shi, a hunturu kuma ya yi kauri ya buƙaci haƙuri. In bayan wannan ka ga jiƙa a cikin gurbin gorar, ka duba tiyon da murfinta da zoben robar da ke ƙarƙashin mahaɗi, domin ruwan da ya gangara wajen batir ko allon lantarki ɓarna yake yi.

Ruwan da lafiyarka

Ruwan ya ƙunshi gilisarin, furofilin gilaikol, ƙamshi da nikotin. Irin kanka yana fitar da tururi mai yawa, don haka da ruwa mai nikotin kaɗan ake amfani da shi, miligiram 3 ko 6 a kowace mililita. Masu 25 zuwa 50 na ƙananan na'urori ne, sa su a nan zai kawo jiri, tashin zuciya da bugun ƙirji. Kada ka ƙara masa komai, ko turare, ko zuma, ko wani mai. A 2019 an yi annobar ciwon huhu a Amurka wadda ta kwantar da mutane sama da 2,800, 68 suka rasu, kuma bincike ya danganta ta da wani maiƙon bitamin E da aka gauraya a ruwan wiwi na bayan fage. Kwalbar ruwan kuma a kulle ta, domin ƙamshinta na alewa ne, kuma nikotin guba ne ga ƙaramin yaro.

Ni mai gyaran lantarki ne, hukuncin abin da ya shafi ƙirjinka na likita ne, musamman in kana da hawan jini, asma ko ciwon zuciya. Hukumomin lafiya na Ingila sun ɗauki sigarin lantarki a matsayin wanda bai kai taba illa ba ga wanda ya bar tabar gaba ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fi tsananta gargaɗi a kansa, amma babu ɓangaren da ya ce ba shi da illa ko ya dace da wanda bai taɓa shan taba ba. Dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 taba, kuma a ganina wannan na'ura ma haka ya kamata a ɗauke ta, kada ƙannenka su mayar da ita abin wasa. Tunda niyyarka rabuwa ce, kada ka haɗa ta da karan sigari, kuma ka riƙa sauke nikotin ɗin daga 6 zuwa 3 zuwa sifili.

Kulawar yau da kullum kaɗan ce. Ka canza auduga da zarar ta yi duhu ko ɗanɗano ya canza, kuma ruwa mai zaƙi ya fi saurin ɓata ta. Lokacin canjin ka cire tsohuwar, ka sa kwayil ɗin ya ɗan yi ja da wuta kaɗan, ka bari ya huce, ka goge dattin da ƙaramin buroshi. A hunturu ƙura na shiga ta ramukan iska ta manne a jiƙaƙƙiyar auduga, don haka ka riƙa rufe na'urar a jaka, ka wanke gorar da ruwan ɗumi duk lokacin da za ka canza ƙamshi. Zafi da sanyi suna sassauta sukurorin da ke riƙe ƙafafun kwayil, kuma alamar hakan ita ce ka ga lambar om tana hawa tana sauka a allo. In ka ga haka ka kashe na'urar, ka sake ɗaure su, ka auna kafin ka ci gaba.